Takabar da Ta Ƙi Ƙarewa

Ranar Talata bayan la'asar Ikrima ya zo Furana, zuwansa na huɗu ke nan tun rasuwar Saminu. Bai nufi gidan ba sai da ya hango Inna Mero, mahaifiyar marigayin, ta fita da lauje, ta yi hanyar fadama. Ko da ya shiga zauren ma, a bakin ƙofa ya tsaya, ya yi sallama da murya ƙasa-ƙasa.

Mukarrama, matar marigayin, ta amsa daga bayan asabarin da ya raba zaure da tsakar gida. Ba ta ɗaga shi ba. Ta tsakanin karan tana ganin takalmansa da ƙasan wandonsa, shi kuwa inuwarta kawai yake gani.

Suka gaisa, gaisuwa mai tsawo. Ya tambayi Inna, ya tambayi gida, ya yi mata ya haƙuri. Ta tambayi jikin mahaifiyarsa da 'yan makarantarsa na Makarfi.

Shekara bakwai da suka wuce, Ikrima ne ya fara neman ta. Lokacin yana karatun koyarwa, ko keke ba shi da shi. Mahaifinta ya ce ba zai ajiye 'ya a gida tana jiran takardar ɗaukar aiki ba, Ikrima kuwa ya janye da kansa don kada ya ɓata mata lokaci. Ta auri Saminu mai dafa mazarƙwaila da yardarta, kuma ta so shi, irin son da ke shigowa a hankali har ya cika ɗaki. Shekara biyar suna tare Allah bai ba su haihuwa ba. Sai wata ranar kasuwar Makarfi, ya ɗauro kaya a babur, mota ta buge shi a hanya. Ko asibiti bai kai ba.

Yau wata goma sha ɗaya ke nan. Ikrima bai taɓa aure ba.

"Baba Lado ya yanke magana," in ji shi. "Ranar Juma'a in an sauko masallaci za su tafi Taba, su nema mini Hafiza."

Mukarrama ta dafa bango.

Ta san Hafiza, 'yar kawunsa ce, tana koyar da ɗinki a Kudan, kuma ba wanda ya taɓa faɗin aibunta. Ikrima ya ci gaba da bayani a nutse, kamar yadda ya saba yi wa yara a aji. Mahaifiyarsa tun da ɓarin jikinta ya shanye ba ta da magana sai ta aurensa. Shekararsa talatin da huɗu. Sau uku yana roƙon Baba Lado, ƙanin mahaifinsa, ya ƙara masa lokaci, sau uku ana ƙara masa. Wannan karon tsohon ya ce shi ma yana da fuskar da yake kai wa mutane.

"Akwai maganar da ba ta halatta in faɗa miki ba muddin kina takaba," in ji Ikrima. "Ban taɓa faɗa ba, yau ma ba zan faɗa ba. Tambaya ɗaya gare ni, ita ma na san ba hurumina ba ce. Mukarrama, kina cikin takaba ko kin fita?"

Hawaye suka zubo mata. Ta sa bakin hijabinta ta toshe baki don kada ya ji, amma ya ji.

"Malam, ka san amsar."

"Na san abin da hoton asibiti ya nuna. Kowa ya sani. Amma ba hoto Baba Lado yake so ba. Cewa ya yi ki faɗa da bakinki a gaban Inna da wata mace mai mutunci, a kai wa Liman. In aka yi haka kafin sallar Juma'a, motar da za ta tafi Taba nan za ta juyo."

"In na faɗa, Inna mutuwa za ta yi."

"In ba ki faɗa ba fa?"

Ya daɗe yana jira. Da ya sake magana muryarsa ta dushe, ta gane shi ma kukan yake dannewa.

"Karon farko ni na janye, kuma ban zargi kowa ba. Na ce talauci ne ya raba mu. Wannan karon ban san abin da zan ce ya raba mu ba. Yaron da babu shi?"

"Kada ka ce haka a gidan nan, Malam. Don Allah."

Ya ba ta haƙuri. Ya ce ranar Juma'a da hantsi zai zo ya tsaya gindin tsamiyar da ke bakin gari, ba zai tashi ba sai an yi kiran salla na farko. Ya yi sallama ya fita. Ta tsaya tana jin ƙarar babur ɗinsa har ta ɓace.

*

Yadda abin ya faro ba wani abin mamaki ba ne.

Saminu shi kaɗai ne ɗan Inna Mero. Ta haifi huɗu bayansa, duk suka koma tun suna goye, mijinta kuma ya daɗe da rasuwa. Ranar da aka shigo da gawar ba ta yi kuka ba. Ta zauna a tabarma tana amsa ta'aziyya, fuskarta a bushe. Sai dai ta daina cin abinci. Aka yi sadakar uku, aka yi ta bakwai, aka yi ta arba'in, ba abin da ke shiga cikinta sai ruwa da ɗan kunu cokali biyu. Ta rame har zobenta ya zame ya faɗi a wurin alwala.

Ana cikin haka, wata safiya Mukarrama tana shafa mata mai a ƙafa, sai ta ce, ba da wata manufa ba, ita fa tun rasuwar ba ta ga al'adarta ba.

Inna Mero ta tashi zaune. Ta dube ta, ta sake dubanta. Ran nan ta ci tuwo malmala guda da rabi.

Tashin hankali ne ya ɗauke jinin, kamar yadda yakan faru ga mata da yawa. Amma da wata huɗu da kwana goma suka cika, ranar da ya kamata Mukarrama ta yi wankan fita takaba, Inna Mero ta ce ba za a yi ba, amaryarta ciki gare ta. Da aka ce ai ciki bai fito ba, sai ta ce kwantacce ne. Firgicin mutuwar uban ne ya sa yaron ya kwanta, kuma zai tashi ranar da Allah ya so. Ita kanta, in ji ta, shekara uku ta yi kwance a cikin uwarta.

Aka kai maganar gaban Liman. Ya ce mace ita aka ba amanar abin da ke cikinta. In ta ce jini ya dawo kuma ba ta jin komai, takaba ta ƙare. In ta ce akwai ciki, sai a jira ta sauka, ko da za a shekara huɗu ana jira.

A wata na biyar jinin ya dawo.

Ran nan Mukarrama ta fito ɗaki da niyyar faɗa. Sai ta tarar da Inna Mero a tsakar gida tana ɗaure wani ɗan rago fari da ta sayar da akuyarta ta sayo. Tsohuwar tana haki, tana murmushi, ta ce na suna ne, gara a fara kiwonsa tun yanzu.

Mukarrama ta ce Allah ya amfana. Ta koma ɗaki.

Tun daga nan, duk wata a ɓoye take wanke tsummanta, ta shanya a bayan ƙofa. A wata na bakwai mahaifiyarta ta zo daga Kurmin Kogi ta kai ta asibiti a Ikara, aka yi hoton ciki, aka ce babu komai. Inna Mero ta ce na'ura ba ta ganin kwantacce. Aka juyo ana kallon Mukarrama, ita kuwa ta sunkuyar da kai. Mahaifiyarta ta tafi da fushi, ta ce ita ta sani. Mahaifinta ya ce shi ba zai yi ja-in-ja da tsohuwar da ta binne 'ya'ya biyar ba, tun da mai cikin ba ta musa ba.

Haka aka zauna. Ba kwalli, ba lalle, ba turare. Ragon ya girma har ƙahonsa ya fara lanƙwasa.

*

Wuri ɗaya ne Mukarrama ke zuwa, gidan Malama Wasila a bayan kasuwar Ikara, duk ranar Alhamis da hantsi. Inna Mero ta bar ta ne don ta ɗauka karatu ake yi.

Malama Wasila tsohuwar malamar firamare ce. A shekara guda ta rasa mijinta da 'ya'yanta maza biyu. Takan ce ba ranar mutuwa ce mai wuya ba, ranar da aka naɗe tabarmi kowa ya koma gidansa ita ce. Shi ya sa ta buɗe tsakar gidanta ga matan da suka yi rashi. Ba rajista, ba kuɗin shiga. Kowa ta zo da aikin hannunta, wata gyaɗar ɓara, wata barkonon tsincewa, wata hula. Dokarta biyu ce. Abin da aka faɗa a tabarmar nan, a nan yake kwana. Sannan in mace ta fara kuka, ba mai ce mata ta yi haƙuri sai ta gama.

Wannan Alhamis ɗin su tara ne. Fatsuma mai ƙosai, wadda ta binne maza biyu, ita ke riƙe da hira kamar kullum. Tana ba su labarin wani mahauci da ya fara zuwa zance wurinta, da aka ba shi tarihin magabatansa sai ya koma aiko gaisuwa ta waya.

"Na ce masa Alhaji ka zo mana, ai ba a bakin ƙofa nake kashe su ba, sai an ɗaura."

Aka yi ta dariya, har wata sabuwar zuwa da ta rasa 'yarta wajen haihuwa ta rufe fuska tana yi. Fatsuma ta juyo kan Mukarrama ta ce ita kuma wannan maigidan nata na ciki wane irin malalaci ne, ko sai an aiko masa da ɗan acaɓa zai fito?

Mukarrama ta so ta yi dariya. Sai kwanon gyaɗar ya suɓuce daga cinyarta, kuka ya ƙwace mata, irin wanda ba ta taɓa yi ba tun ranar da aka fita da Saminu.

Ba wadda ta ce mata ta yi haƙuri. Fatsuma ta matso ta tsince gyaɗar ɗaya bayan ɗaya, idonta ya yi ja. Sai da kukan ya lafa Malama Wasila ta kama hannunta ta shigar da ita ɗaki.

Nan Mukarrama ta faɗi komai. Jinin da ya dawo, tsumman bayan ƙofa, ragon, Ikrima, da Juma'ar gobe.

Malama ba ta nuna mamaki ba. Ta ce ta daɗe da zato, jira take ta ji daga bakinta. Sannan ta bi maganar daki-daki. Na farko, takabarta ta ƙare tuntuni, kuma addini bai ɗora mata zaman da take yi ba. Na biyu, shirun da take yi ba ƙarya ba ce ta baki, amma ya kusa zama. Na uku kuwa ta daɗe kafin ta faɗe shi.

"Surukarki ba ciki take riƙe da shi ba, 'yata. Ɗanta take riƙe da shi. Ɗan fari ne. Tun da ta haife shi ba ta taɓa kiran sunansa ba, ba ta taɓa ɗaukarsa gaban mutane ba, saboda kunya. Da ya mutu, kunyar nan ce ta hana ta kuka. Wanda ke cikinki shi kaɗai ne za ta iya yin maganarsa baki buɗe, ta yi masa tanadi, ba mai cewa ta yi rashin ta-ido. Duk son da ta ɓoye shekara talatin da shida, a kan cikin nan ta juye shi."

"To in na ɗauke mata shi, Malama, me ya rage mata?"

"Kuka ya rage mata. Shi ne ba ta yi ba. In ta yi shi tana iya rayuwa, tana kuma iya kasawa. Ba zan yi miki alkawarin abin da ban sani ba."

Mukarrama ta share fuska. Ta ce akwai abin da ba ta taɓa faɗa wa kowa ba. Wata rana in Inna tana lissafin kayan jariri, ita ma sai ta ji ta yarda. Sai ta kwanta ta ɗora hannu a mararta tana saurare. Shekara biyar ta yi tana roƙon ta haifa wa mutumin nan ko da ɗaya ne. In ta buɗe baki ta ce babu, ji take kamar ranar ce za a binne shi da gaske.

"Ikrima fa?"

"Ina son sa, Malama. Allah ya sani. In na tuna gobe sai in ji numfashina yana tsayawa."

Malama Wasila ta ce za ta zo Furana gobe da safe, ta zama shaidar da ake nema. Za ta yi wa tsohuwar shimfiɗa iyakar iyawarta, za ta kuma gayyace ta zaman Alhamis, don kada a ƙwace mata abu a bar ta hannu wofi.

"Amma kalmar ke za ki faɗe ta. Ba zan faɗe ta a madadinki ba, ba kuma zan ƙaryata ki ba. Abin da kika ce shi zan kai."

*

Juma'a ta waye da ƙamshin rake da ake dafawa a bayan gari. Mukarrama ta yi shara, ta ɗora kunu. Da ta fita zubar da toka ta hango babur a gindin tsamiya, da mutum cikin fararen kaya zaune a kan saiwa. Ta koma ciki da sauri.

Ɗan acaɓa ya sauke Malama Wasila wajen ƙarfe goma. Inna Mero ta yi mata kyakkyawar tarba. Ta shimfiɗa sabuwar tabarma, ta sa aka kawo kunu da mazarƙwaila, ta yi godiyar karatun da ake koya wa amaryarta. Kafin a gama gaisawa ta ja baƙuwar zuwa turke ta nuna mata ragon. Ta ce mahauta biyu sun taya, ta ce musu wannan yana da mai shi.

Malama ta yaba ragon. Suka dawo suka zauna.

A hankali ta shiga ba da labarin nata rashin. Ta faɗi yadda babban ɗanta, ɗan farinta, ya kwanta kwana uku ya tafi, da yadda ta zauna cikin mata fuska a bushe ana yabon dauriyarta. Ta ce shekara biyu ta yi tana dafa abinci da rabonsa tana ajiyewa a rufe, ba wanda ya sani. Sai ranar da wata maƙwabciya ta kama ta, ta zauna kusa da ita ba ta ce komai ba, ran nan ta yi kukan da ya kwantar da ita kwana biyu. Bayan nan ne ta fara jin ɗanɗanon gishiri a miya.

Inna Mero ta saurara har ƙarshe. Ta ce Allah ya jiƙansu, ya sa sun huta.

Malama ta ce akwai mata irinsu da ke haɗuwa a gidanta ranar Alhamis, ana hira, ana ɓarar gyaɗa. Za ta so Yaya Mero ta zo ko sau ɗaya ne, ita za ta aiko a ɗauke ta.

"Allah ya saka da alheri, Malama. Ai wannan wurin masu rashi ne. Ni jira nake yi."

Ragon ya ja igiyarsa ya koma ya kwanta. Rana ta ɗago har inuwar rumfa ta janye daga ƙafafunsu.

"Yaya Mero," in ji Malama, "'yarki tana da magana."

Mukarrama ta gyara zama ta durƙusa sosai. Tun asuba take maimaita kalmomin a ranta, ta tsara su gajeru don kada ta tsaya a tsakiya. Ta buɗe baki.

"Inna, tun watan da aka sayo ragon nan..."

"Tsaya, Amarya."

Tsohuwar ta ajiye ludayin da ke hannunta. Inna Mero ta jawo jiki da gwiwa, a hankali, har ta iso gabanta. Ta ce jiya da yamma, tana tankaɗe, ta ga Mukarrama ta tsaya ta dafe mara. Ta so ta tambaya, ta ji tsoro. Ta kwana tana juya abin.

Sai ta miƙo hannu ta ɗora a kan cikin Mukarrama.

Hannun ba shi da nauyi ko kaɗan. Fata ce kawai a kan ƙashi. Mukarrama ta ɗaga ido ta dube ta, abin da ba ta taɓa yi ba tun da aka kawo ta gidan. Ta yi zaton za ta ga idon tsohuwar da ta ruɗe. Ba haka ta gani ba. Idon a sarari yake, ya san komai, ko kuma ya kusa sani, kuma roƙo yake yi.

"Ya motsa ko?" in ji Inna Mero.

Mukarrama ta ji Malama Wasila ta daina motsi a gefenta. Ta tuna mutumin da ke zaune a kan saiwar tsamiya, wanda shekara bakwai bai ce mata kalma ɗaya da ba ta halatta ba. Ta tuna ɗakin da za ta iya samu a Makarfi, da kwalli, da 'ya'yan da wataƙila Allah zai ba ta na gaske. Kalma uku ce tsakaninta da duk wannan: bai motsa ba. Ta haɗa su a bakinta.

Yatsun tsohuwar suka ƙara matse rigarta.

"Ya motsa, Inna."

Inna Mero ta rufe ido. Ta ce alhamdu lillahi sau uku, a hankali, sannan ta dafa ƙasa ta miƙe ta nufi madafa, tana cewa bari ta ɗora wake, mai juna biyu ba ta zama da kunu kaɗai.

Malama Wasila ta jawo kwanonta. Ta shanye sauran kununta, ta ɗauki jakarta, ta ɗaga murya ta yi wa mai gida sallama. Mukarrama ta raka ta zaure.

A bakin asabari Malama ta tsaya tana sa takalmi. Ba ta yi mata faɗa ba. Ta ce jiya shiru ne, yau ya zama magana, kuma maganar gaban shaida aka yi ta. Ta ce tabarmarta tana nan ranar Alhamis, da wadda ke biye, da duk wadda Allah ya kawo.

"Me zan ce wa mai jira a bakin gari?"

Mukarrama ta jingina kai da bangon zauren. Hawayen ma sun ƙi zuwa.

"Ki ce masa ya tashi, kada ya rasa salla. Ki ce Hafiza mutuniyar kirki ce."

"Shi ke nan?"

"Ki ce ya yafe mini."

Malama ta riƙe hannunta na ɗan lokaci, ta saki, ta fita. Mukarrama ta tsaya a wurin tana kasa kunne. Ta daɗe ba ta ji komai ba sai kukan kaji. Can ta ji an tayar da babur. Bai tafi nan da nan ba, ya jima yana ƙara a wuri ɗaya, sannan ƙarar ta fara nisa.

Daga cikin gida Inna Mero ta kira ta, muryarta garau kamar ta yarinya.

"Amarya, shigo daga tsayuwar nan ki zauna. Yanzu ba ke kaɗai ba ce."